LAMBAR DA TA KUSA RABA ZUMUNTA

Saƙonninku duk sun iso gare ni, na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Masu tambayar kashi na biyu na littafina kuma don Allah ku ƙara haƙuri, yana nan tafe in Allah Ya yarda.

Na san yau wasu za su riƙe baki su ce, ita kuma wannan me ya haɗa ta da batirin mota, ita da muka sani da labarin masoya da na kishiyoyi? To wallahi ni ma ban taɓa zaton alƙalamina zai leƙa cikin bonet ba, sai da na ga wata 'yar lamba da ba ta kai girman farcen yatsa ba ta nemi ta shiga tsakanin yayata da mijinta, ta kuma nemi ta raba mijin da babban yayanmu. Na nemi izininsu kafin in rubuta, sun ce in rubuta amma kada in kama suna, to ba zan kama ba.

Bara ne mijin Antina ya sayar da tsohuwar motarsa ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ya kai wa Yaya Babba, da yake shi sana'arsa ke nan kawo motoci, irin waɗanda har gobe muke kira 'yan Kwatano ko da ta tashar jiragen ruwan Legas suka shigo. Yaya bai ci ribar ko sisi a kansa ba, ya ce ai mijin ƙanwa ƙane ne. Ya zaɓo masa wata ƙirar 2015, fes da ita kamar a lashe. Ranar da aka kawo ta har gidan Umma aka kai ta sa albarka, Anti kuwa bakinta har kunne, don dama ta gaji da tura tsohuwar duk safiya ita da almajirin gidan.

Ana nan lafiya lau har wata biyu, sai maigidan ya sayo irin cajar wayar nan da ake cusawa a ramin kunna sigari, mai ɗan gilashi a ka da ke nuna ƙarfin wutar batir da jajayen lambobi. To daga ranar nan kwanciyar hankali ta ƙare a gidan. In ya tayar da mota sai ya ga 14.6, kafin ya kai yara makaranta ta koma 12.7, in an jima ta tashi 14.8, ta sake faɗowa. Shi kuwa abin da ya sani tun yana yaro a motar mahaifinsa, Fijo 504 ɗin nan da a da ake haɗawa a Kaduna, shi ne in inji yana aiki wuta tana tsayawa ne wajen 14, in ta sauka ƙasa to altaneto ya mutu. Altaneto shi ne ɗan injin da fambel ke juyawa yana ba mota wuta yana kuma caja batir.

Sai ya garzaya wajen wani mai wayarin a bakin titi. Mutumin ya ɗora mitarsa a kan batir ya ga 12.6 inji na aiki, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji batirin nan ya gama yawo." Aka sayo sabo, ya karɓe tsohon wai an rage kuɗi. Washegari lamba ta ci gaba da rawarta. Aka koma, ya ce to lallai altaneto ne, aka nemo wani na hannu irinsa aka ɗaura, kuɗin da ya tafi a nan ya isa cefanen gidan na wata guda har da canji. Lamba dai ba ta fasa ba. A zuwa na uku sai mutumin ya ce, "Gaskiya Alhaji motar nan da ciwonta aka sayar maka, wanda ya kawo ta ya sani." Ya ce a dawo gobe zai cire kan batir inji na aiki ya ga ko za ta mutu, in ya so ya yanke wata waya ya haɗa kai tsaye.

Wannan kalma ta "wanda ya kawo ta ya sani" ita ce ta zauna wa maigidan a zuciya. Ya dawo gida ko sallamar kirki babu, Anti ta kawo abinci ya ture, ta ce, "Abban yara lafiya kuwa?"

Ya ce, "Ina fa lafiya, yayanki ya dube ni ya ga wawa. Ya ɗauko ruɓaɓɓiyar mota ya shafa mata mai ya manna min, don ya ga ina jin kunyarsa."

Ta ce, "Haba Abban yara, Yaya fa? Wallahi ba halinsa ba ne."

Ya ce, "Dama me za ki ce? Ai naka naka ne."

Magana ta kai kunnen Yaya Babba, shi kuma mutum ne mai zuciya, ya aiko cewa a kawo masa motarsa a karɓi kuɗi cif, amma daga ranar kada a sake nuna an san shi. Ga shi matarsa ta haihu, saura kwana huɗu suna, maigidan Anti ya ce in ta taka gidan sunan nan to a bakin aurenta. Na je na tarar da ita idanu sun yi luhu-luhu, ga atamfar anko an ɗinka tana rataye. Umma kuwa ta kasa cin abinci, sai faɗi take, "Yau ni na ga ta kaina, a kan ƙarfen Nasara za a raba min 'ya'ya."

Daren nan ban yi barci ba. Da asuba sai Allah Ya tuna min da wani dattijo maƙwabcinmu, malami ne da ya daɗe yana koyar da wutar mota a kwalejin koyon sana'a. Na tura ƙanena ya yi min iso, na durƙusa na gaishe shi na zayyana masa komai. Ya saurare ni tsaf, sai ya tambaye ni abu uku. Ya ce motar tana wahalar tashi da safe? Na ce a'a, bugu ɗaya ne. Ya ce jar fitilar batir ta taɓa kamawa a dashbod ana cikin tafiya? Na kira Anti ta ce bai taɓa faɗa ba. Ya ce fitilun gaba suna dushewa da dare? Ta ce ras suke. Sai ya yi murmushi ya ce, "'Yata, je ki ce masa kada ya bari kowa ya cire kan batirin nan, ya zo da motar bayan la'asar."

Da ƙyar na shawo kansa, sai da na haɗa da wasan da ke tsakaninmu na ce, "Yaya in Malam ya ce mota ba ta da lafiya, ni da kaina zan raka ka ka mayar." Ya ce, "Marubuciya ke nan, to mu je a rubuta da ni."

Malam ya buɗe bonet, kafin a tayar ya auna batir da mitarsa ya ga 12.4. Ya nuna mana wani ɗan baƙin abu kamar akwatin ashana a manne da kan batir na baƙar waya, da siririyar waya a jikinsa, ya ce mu riƙe wannan a ranmu. Ya shiga gaba, ni da Anti muna baya, littafina a cinya. Da aka murza makulli lamba ta faɗi wajen 10 da ɗoriya na ƙiftawar ido, ta haye 14.6. Malam ya ce, "Yanzu tana biyan bashin wutar da aka ci wajen tayarwa ne. Mu hau titin Zariya, in an jima za ka ga ta sauko."

Ba mu yi minti goma sha biyar ba sai ga 12.7. Maigidan ya buga sitiyari ya ce, "Ka gani ko Malam! Ta daina caji!"

Malam ya ce, "Ga shataletale can gaba. Ɗaga ƙafarka daga totur ka bar ta ta gangara, za ka ga ta haura 14."

Ya ɗaga ƙafa. Wallahi 'yan uwa kamar da ita ake magana, sai ga 14.8. Malam ya ce, "To taka, za ta faɗo." Ya taka totur, ta dawo 12.6. Ya ce, "Kunna manyan fitilu da fankar ciki." Ya kunna, ta tashi wajen 14 ta tsaya. Sau uku ana maimaitawa, duk abin da Malam ya faɗa kafin ya faru shi ke faruwa. Motar ta yi tsit, sai Anti da na ji tana sauke ajiyar zuciya a hankali.

Muka tsaya a gindin wata bishiya, Malam ya yi mana bayani, ni kuma ina rubutawa, ga shi na kawo muku yadda na fahimta.

Ya ce batirin mota da muke kira mai bolt 12, ɗakuna shida ne a cikinsa, kowanne yana ba da bolt 2.1, shi ya sa cikakken batir da ya huta yake nuna 12.6 ko sama kaɗan. In ya nuna 12.2 ya kai wajen rabi, in ya sauka ƙasa da 12 to ya kusa ƙarewa. A motocin da, altaneto yana da ɗan abin da ke daidaita shi a wuri guda, tsakanin 13.8 zuwa 14.4, batir ya cika ko bai cika ba, haka zai yi ta turawa. Wannan shi ne karatun da yawancin masu gyaranmu suka tashi da shi, kuma a kan waɗancan motocin gaskiya ne.

Amma altaneto ba kyauta yake ba da wuta ba. Ƙarfin inji yake ja ta fambel, inji kuma mai yake sha, duk lokacin da altaneto ya ƙara aiki sai inji ya ƙara shan fetur. Da ƙasashen Turai da Amurka da Japan suka matsa wa masu ƙera motoci da dokokin rage shan mai da rage hayaƙi, sai suka ɗora wa kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira birenbos, aikin juya altaneto. Ya ce abin ba sabo ba ne, Honda tun shekarun 1990 take da caji mai hawa biyu, na sama da na ƙasa, Ford ta fito da nata a ƙarshen shekarun nan, BMW kuma a 2007 ta kawo tsarin da ke ɗura wa batir wuta lokacin da aka saki totur ko aka taka birki. Yanzu kuwa da yawa daga cikin motocin da ke shigo mana haka suke.

Wannan ɗan baƙin akwatin da ya nuna mana shi ne ɗan rahoto. Yana auna wutar da ke shiga batir da wadda ke fita, da ƙarfinta, da zafin batirin, ya kai wa kwamfuta. In ta ga batir ya ƙoshi kuma ba a kunna kaya da yawa ba, sai ta ce wa altaneto ya sassauta, lamba ta sauko 12 da rabi ko 13, inji ya huta. In direba ya taka totur yana neman ƙarfi, sai ta sauke wa inji nauyin caji don ƙarfin ya tafi ƙafafu. In ya saki totur mota na gangarawa da kanta, to ga ƙarfi nan na banza zai tafi a birki, sai ta ce wa altaneto ya kwasa, lamba ta haye har kusan 15. Saboda haka ne ma da yawansu ba sa cika batir maƙil, suna barinsa wajen kashi 80 cikin 100 don a samu wurin zuba wannan ta gangara. Sai ya juyo ya dubi Anti ya ce, "Ke da kike girki, in tuwo ya nuna kina ci gaba da tura itace?" Ta ce, "A'a Malam, janyewa nake." Ya ce, "To ita ma janye itace take."

Ya ƙara da cewa zafi ma yana da hannu. Batir mai zafi ba ya son a matsa masa da caji mai ƙarfi, ruwansa ƙonewa yake, shi ya sa a watan Afrilu lambar za ta fi zama ƙasa, da sanyin hunturu kuma ta fi hawa. Sannan ita kanta 'yar cajar mai lamba ba ma'aunin kirki ba ce, tana iya ƙari ko ragi kaɗan, ga shi kuma daga can ƙarshen waya take aunawa ba daga kan batir ba.

Maigidan ya yi shiru, can ya ce, "To Malam yaushe mutum zai san da matsala ta gaske?" Ga abin da ya lissafa, 'yar uwa ki adana ko ki karanta wa maigida:

Na ɗaya, in jar fitila mai hoton batir ta kama inji na aiki ta ƙi mutuwa. Wannan ba a wasa da ita, a nufi gareji.

Na biyu, in lamba ta sauka ƙasa da 12 ana cikin tafiya tana ta ƙara sauka, an kunna fitilu ba ta tashi ba, an saki totur ba ta tashi ba. Mai lafiya tana sauka tana hawa, marar lafiya sauka kawai take.

Na uku, in ta haye sama da 15 ta zauna can ta ƙi saukowa, musamman in ana jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ko batir ya kumbura, ko ƙwayayen fitila suna yawan ƙonewa. Wannan caji ne ya yi yawa.

Na huɗu, in da safe mota tana jan numfashi kafin ta tashi, ko lamba ta faɗi ƙasa da 9.6 lokacin da ake murza makulli, ko batirin da ya kwana ya wayi gari a 12 ko ƙasa. Nan batir ne ya raunana, ko wani abu yana shan wuta da dare, ko kuma motar ba ta samun tafiya mai tsawo. Wadda kullum daga gida sai makarantar yara sai kasuwa, ko wadda ake ajiyewa sati uku ba a tayar ba, batirinta ba ya ƙoshi.

Na biyar, in fambel yana ƙara kamar kukan tsuntsu, ko kan batir ya yi farin gari ko ya yi sako-sako.

Ya ce in babu ko ɗaya cikin waɗannan, to a bar mota ta yi aikinta.

Da aka zo maganar cire kan batir inji na aiki kuwa, sai da Malam ya yi salati. Ya ce wannan gwajin zamanin Fijo ne, ko a da ma ganganci ne. Batir shi ke shanye tsallen wuta, in ka cire shi altaneto na juyawa wutar na iya yin tsalle ta ƙona kwamfuta da sauran kayan lantarkin motar, a tashi daga gyaran da babu shi a faɗa na dubban ɗaruruwa. Yanke wayar ɗan rahoton nan ma ya ce kuskure ne, lamba za ta tsaya wuri guda mai mota ya ji daɗi, amma an makantar da kwamfuta ke nan. Ya kuma ja kunne cewa duk mai ƙara wani abu a mota, ko rediyo ko fitila, kada ya ɗaura baƙar wayarsa a kan batir kai tsaye ya tsallake ɗan akwatin, a jikin ƙarfen mota ake ɗaurawa, in ba haka ba lissafin kwamfuta zai rikice.

Abin da ya fi ba shi takaici shi ne batirin da aka karɓe. Da maigidan ya nuna masa hotonsa a waya, sai ya ce irin wanda ake rubuta wa AGM ne, wanda aka yi shi don jure wannan hawa da sauka, ya kuma fi wanda aka sa masa tsada nesa ba kusa ba. Ya ce duk mai canza batir a motar zamani ya dubi irin wanda ta zo da shi ya sa irinsa, wasu motocin ma irin su BMW da Volkswagen sai an sa na'ura an shaida wa kwamfuta cewa an sa sabo. Altaneton asali kuwa Allah Ya sa yana but, Malam ya gwada shi washegari ya ce lafiyarsa ƙalau.

A hanyar komawa gida ba wanda ya ce uffan. Sai da muka tsaya a ƙofar gida maigidan ya kashe mota, bai juyo ba ya ce, "Maman yara, ki yafe min." Anti ta ce, "Ni ba ka yi min komai ba Abban yara, Yaya za ka nema." Ni dai na buɗe ƙofa na sulale, don na ga zaman ya fi ƙarfina.

Ana gobe suna ya ɗauki Malam suka tafi gidan Yaya Babba. Ƙanena da ya raka su ya ce min har ƙasa ya durƙusa. Yaya ya daɗe bai yi magana ba, da Malam ya gama bayani sai ya ce, "Wallahi ni ma da nake sayar da su ban san haka suke ba. Kwana uku ke nan ina zargin wanda ya sayo min ita a can." Kun ji fa, ashe zargin har ya haye teku. Ranar suna Anti ta sha ankonta, a motar aka kai ta, kuma ita ta yi ta jigilar tukwanen waina. 'Yar cajar nan mai lamba kuwa Umma ta sa an ciro mata ita, ta jefa a cikin kwallarta ta rufe, ta ce ta ga mai zuwa ɗauka.

'Yan uwa, ban ce mai wayarin nan mugu ba ne, abin da aka koya masa ya yi, sai dai mota ta canza shi bai canza ba, kuma da ilimi ya ƙare masa sai ya rufe da zargin wanda ba ya wurin. Kira nake ga masu gyaranmu, don Allah ku nemi sanin motocin yanzu, in abu ya shige muku duhu ku ce ba ku gane ba, ba abin kunya ba ne. Ku kuma iyayen gida maza, kafin ku yanke wa mace hanyar gidansu a kan maganar bakin titi, ku tambayi na biyu ku tambayi na uku, Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Mu ma mata kada mu ce harkar mota ta maza ce, tambayoyi ukun nan da Malam ya yi min kowace mace za ta iya yinsu, kuma da Anti ta san su tun farko da ba a kai ga hawaye ba.

A nan zan dakata. Wadda ta taɓa ganin ƙaramin abu ya tayar da ƙura a gidanta ta rubuto mana, za mu buga ba tare da suna ba. Allah Ya zaunar da mu lafiya da mazajenmu da danginmu, Ya kare mu daga zato, Ya tsare mu a kan hanya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum.